Darasi na 7: Rabon Uwa, Daga Ɓatan Wata Zuwa Yaye

Wannan darasi na kowa ne a aji, mata da maza. Mace ce ke ɗaukar ciki, ita ke naƙuda, ita ke shayarwa, amma a yawancin gidajenmu kuɗin cefane da izinin fita suna hannun maigida, ragamar jego kuma tana hannun uwar miji ko uwar mai jego. In mace kaɗai ta san abin da ke cikin darasin nan, sanin ba zai kai ta asibiti da tsakar dare ba. Za mu bi uwa tun daga ɓatan wata har ranar da ta yaye ɗanta. Masana lafiya suna lissafa wannan tsakani kwana 1,000: kimanin 270 a ciki, 730 kuma daga haihuwa zuwa cikar shekara biyu. A cikinsu ne ƙwaƙwalwar yaro da ƙashinsa suke ginuwa, kuma abin da ya rasa a lokacin da wuya ya mayar da shi daga baya.

Rabon tuwo

Mu fara daga bakin murhu. An yi magariba, uwargida ta kwashe tuwo. Malmala mafi kyau ta shiga kular maigida, tare da 'yar tsoka biyun da ta shiga miya. An zuba na yara a faranti ɗaya, an fitar da na tsohuwa, an ba almajiri. Ita kuwa, da cikinta na wata bakwai, sai ta jawo tukunya ta kankare ƙanzo, ta dangwali abin da ya rage na miya. In an yi magana ta ce hayaƙi ya cika mata ciki. Babu wanda ya shirya wannan da mugunta. Haka ta ga mahaifiyarta tana yi, kuma ana yaba mata da kara da haƙuri. Sai dai sakamakon yana fitowa a gwajin jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu 61 cikin kowace mace 100 mai ciki tana da ƙarancin jini.

Mai ciki tana ƙera jinin mutum biyu. Nata yana ƙaruwa, ɗan tayi kuma yana jan sinadarin ƙarfe daga jikinta ko ta ci ko ba ta ci ba. In abin ya gaza, sai jiri, kasala, haki bayan ɗan aiki kaɗan, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Mu kan ce laulayi ne, zai wuce. Haɗarin yana ranar haihuwa: zubar jinin da mai ƙoshi za ta jure, ita tana iya tafiya da ranta.

Faɗa wa matar da mudun masara ke yi wa gidansu wuya cewa ta riƙa cin nama kullum ba shawara ba ce. Abin da zai yiwu shi za mu faɗa. Ta ƙara cin abinci sau ɗaya a kan yadda ta saba, a fitar da nata kwanon tare da na maigida, kada a bar ta da ragowa. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, ridi, daddawa, busasshen kifi, fara, kwaɗon zogale ko na rama, miyar alayyafo da ta kuka, duk suna gina jiki, kuma mafi yawansu suna bakin ƙofa. Gwaiba, lemo, mangwaro da ɗanyen tumatir suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa yana hana shi, don haka a bar tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi. Gishiri a sayi mai aidin. Maigida da ke tsayawa teburin mai shayi a soya masa ƙwai biyu, ko ya ci tsire a kasuwa kafin ya shigo, ya tambayi kansa yaushe rabon mai cikin gidansa da ƙwai.

Akwai wani tsoro da ke rage wa mata abinci: kada ɗa ya yi girma ya ƙi fita, ko zaƙi ya tare hanya. Shi ya sa in ciki ya tsufa ake ta ɗirka jiƙe-jiƙe masu ɗaci. Yunwar uwa ba ta sauƙaƙa naƙuda. Abin da take haifarwa shi ne ƙaramin jariri marar ƙarfi da uwa marar jini. Jiƙon kuma babu mai sanin ƙarfinsa, wani yana murɗa mahaifa tun lokaci bai yi ba.

Awo

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Mu kuwa ɓoye ciki muke yi har sai ya fito da kansa, musamman na fari, saboda kunya ko gudun baki. A ɓoye wa maƙwabta in ana so, amma kada a ɓoye wa malamar asibiti. A wurin awo ana duba hawan jini, a gwada fitsari da jini, a duba kwanciyar ɗa. Ana ba da ƙwayar ƙarin jini da folik asid, a sha kullum. In bayan gida ya yi baƙi, aikin maganin ne, kada a daina. Daga wata na huɗu ana ba da Fansidar ƙwaya uku, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, domin zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin mai ciki, yana kuma jawo ɓari da bakwaini. Ana yin allurar tsinkau-tsinkau, wadda ke kare uwa da jaririn da bai zo ba tukuna. Gidan sauron da aka bayar a ɗaura shi a kan gado, ba a shingen lambu ba.

Gaskiya ne layi yana da tsawo, wata ma'aikaciyar kuma tana da tsawa, har mace ta rantse ba za ta koma ba. Wannan laifi ne, kuma ya kamata a kai ƙara wurin shugaban asibiti ko kwamitin lafiya na unguwa. Amma hawan jini ba ya ciwo a farkonsa, na'urar nan da ake ɗaurawa a damtse ce kaɗai ke gano shi. Mu karanta wannan hira tsakanin wata mai ciki da uwar mijinta.

"Inna, tun jiya kaina ke sarawa, ina kuma gani dishi-dishi."

"Sannu 'yar nan. Mu ga hannunki. Af, zoben ma ya nutse, fuskar duk ta tasa. Tashi ki ɗauko katinki da mayafi."

"Inna, ai Malam ba ya nan, ya tafi cin kasuwa."

"Ya bar izini tun ranar da kika fara awo, a gabana ya faɗa. In ya dawo ya same mu can."

Wannan tsohuwa ta gane alamun da ke zuwa kafin jijjiga: ciwon kai mai tsanani, dishin ido, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙahon zuci. In jijjiga ta zo, mutane kan ce iska ce, a tsaya turare da hayaƙi. Hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma asibiti na da allurar da ke tsayar da ita. A yi addu'a a cikin mota, ana tafiya. Haka kuma in an ga jini ko kaɗan ne, ko zazzaɓi mai zafi, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko ɗa ya daina motsi, ba a jiran gari ya waye. Ku lura da abin da ya ceci lokaci a hirar: izinin da maigida ya bari tun da wuri. Ba ya cin ko sisi, kuma kowane magidanci a ajin nan zai iya furta shi yau a gaban shaida.

Naƙuda

An koya wa 'yar Hausa dauriya. Mai haihuwar fari, ko tana goyon ciki a gidan iyayenta, takan shige ɗaki ta ciji leɓe, ba ta so a ji ko nishinta. Ungozoma ma sau da yawa sai ɗa ya faɗo ake kiranta ta yanke cibi. Binciken 2018 ya nuna a arewa maso yammacin Najeriya haihuwa 16 ce kacal cikin 100 ake yi a asibiti. Da yawa suna sauka lafiya, shi ya sa ake cewa ai iyayenmu a gida suka haife mu. Waɗanda ba su sauka ba kuwa ba sa nan balle su ba da nasu labarin.

Ga ma'auni mai sauƙi: naƙudar da ta fara da asuba har magariba ba a sauka ba, wato fiye da awa 12, ta fi ƙarfin gida. In ƙugu ya yi wa ɗa kaɗan, ko ya zo a gicciye, kansa yakan danne mafitsara a jikin ƙashi. In ya daɗe, naman wurin sai ya mutu ya huje. Wannan shi ne yoyon fitsari, kuma mafi yawan lokaci ɗan ma ba ya zuwa da rai. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashi, ƙara ɓarna yake yi. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi kowa shiga wannan haɗari. Wadda abin ya riga ya samu kada a ware mata kwano a tura ta ƙuryar gida, domin ana gyarawa. Akwai asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya yi wa dubban mata aiki tun daga shekarun 1980. Akwai cibiyar Laure a Asibitin Murtala na Kano, akwai ta Ningi a Bauci, akwai kuma ta Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012.

Abin da ya fi komai gaggawa shi ne zubar jini bayan haihuwa. Yana iya kashe mace cikin awa biyu. In zani ya jiƙe sharkaf an canza wani ya sake jiƙewa, ko mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, a tafi. Kada a ja cibiya, kada a cusa mata muciya a baki don ta yi kakari. Wannan ya sa shiri tun ciki na wata shida ya zama dole: kuɗi a asusu ko kwasar adashe da aka ware, lambar direba biyu, da 'yan'uwa biyu da suka yarda za su ba da jini. A garuruwa da dama na arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da masu sa kai na kai mata asibiti. A tambaya a tasha.

Jego

Kwana arba'in na jego gata ne da ya kamata mu riƙe da kyau. An ɗauke wa mace aiki, wata babba tana kula da ita, maigida ya sayo ƙauri da kayan yaji, ana ta dama mata kunu. Abu biyu ne a ciki suke bukatar gyara. Na farko tafasasshen ruwan da ake fyaɗa mata da ganyen runhu ko darbejiya safe da yamma, har wata ta sume a bayan ɗaki, wata fatarta ta saluɓe. Ruwa mai ɗumi da jiki zai iya ɗauka ya wadatar, wadda aka yi wa tiyata ko mai hawan jini kuwa sai da shawarar likita. Na biyu kunun kanwa. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gama ɗawainiyar wata tara kuma ita za ta tura wannan ruwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jegon yankin, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafi. Kunun gyaɗa ko na tsamiya zai yi aikin da ake nema. Mai jegon da ke haki, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafafunta sun kumbura, ba sanyi ne ya shige ta ba, kuma ƙara mata zafin ruwa ƙara mata ciwo ne. Asibiti za a kai ta.

Jariri kuwa, da ya faɗo a goge shi a ɗora a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare. Wanka ya jira sai ya kwana ɗaya. A sa shi a nono cikin awar farko. Dakashi, ruwan nan mai kauri rawaya da ake matsewa a zubar wai datti ne, shi ne rigakafinsa na farko, cike yake da abubuwan da ke yaƙar cuta. Cibi a shafa masa man kulohekzidin da ake samu a asibiti da kemis. Toka, man goge baki da tsumman gashi hanyar cuta ne. Kafin suna a kai shi ya karɓi allurar tarin fuka, ta ciwon hanta da ɗigon shan inna, a koma a mako 6, 10 da 14, sannan a wata 9. Beli halitta ce da kowa ke da ita, cire ta na iya jawo zubar jini da cuta. Wanzami ya tsaya a aski.

Sai maganar da ta fi jawo gardama a kowane aji: nono zalla har wata 6, ko ruwa babu. Wata za ta ce, a zafin Sakkwato na watan Afrilu a hana jariri ruwa, ina tausayi? Tambayar tana da kyau, tausayi ne ya kawo ta. Amsar ita ce kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, tsabtatacce, wanda bai bi ta randa ko moɗa ba. Cikin jariri ɗan ƙarami ne. Ruwan da aka ba shi yana cinye gurbin nono, yana kuma iya shigo da gudawa. In zafi ya yi, uwa za a ba ruwa da fura, shi kuma a yawaita sa shi a nono. Zuma ma ba a ba yaro sai ya shekara. Mai cewa nononta ba ya isa ta sani nono kamar rijiya yake, gwargwadon ja gwargwadon tsattsafowa. Ta bar shi ya tsotse ɗaya ya ƙare kafin ta juya shi, domin mai maiƙon da ke ƙosarwa a ƙarshe yake fitowa. A 2018 jarirai 29 cikin 100 ne kawai ake shayarwa haka a Najeriya.

Daga wata shida

A nan yara da yawa suke fara ramewa. Nono ya daina isa shi kaɗai, abin da ake ƙara masa kuma koko ne tsararo, ruwa da ɗan gasara. Kunun yaro ya yi kaurin da zai zauna a cokali. Garin da ake kira Tom Brown kowace mace za ta iya haɗawa: awo 6 na gero, dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa. A ƙara garin busasshen kifi, garin zogale, ɗan manja, kabewa ko dankali da aka dama. Daga wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu ko uku a rana, daga wata 9 sau uku ko huɗu, ga nono yana ci gaba. A ba shi ƙwai. Ƙwai bai taɓa koya wa yaro sata ba. A kuma ba shi nasa kwano, a zauna da shi, don ɗan wata goma ba ya iya kokawar faranti da yayyensa.

Binciken nan na 2018 ya samu yara 57 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a arewa maso yamma sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Wannan a yankin da ke noma gero, wake da gyaɗar da ake lodi zuwa kudu. Ana gane tamowa da ɗan tef mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara biyar. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, a kai shi asibiti ranar. Haka in ƙafafunsa biyu sun kumbura. Uwa ko ba ta yi boko ba za ta iya koyon awon nan cikin 'yan mintuna. Madarar gyaɗar da ake ba mai tamowa a asibiti magani ce ta yaron da aka rubuta wa. Rabawa da yayye ko sayarwa a kasuwa zalunci ne a kansa. In gudawa ta kama shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kada a janye nono ko abinci, kada kuma a ce haƙori ne a zauna.

Shayarwa ta kai shekara biyu. A nan likitoci da aya ta 233 ta Suratul Baƙara sun haɗu. Yaye kuma a yi shi sannu a hankali. Shafa maɗaci a nono a kai yaro gidan kaka rana ɗaya yana sa shi ƙin abinci daidai lokacin da ya fi bukatarsa. In an yi kwanika, nonon bai zama guba ba, uwar ce ke bukatar ƙarin abinci da zuwa awo. Abin da ya fi shi ne jiki ya huta shekara biyu kafin wani ciki, kuma wannan shawara ce ta miji da mata, su je asibiti tare su ji hanyoyin tazara.

Aikin aji da na gida

Ku kasu gida-gida, ku tattauna: a gidanku wa ke fara samun abinci, wa ke ƙarshe? Kowa ya rubuta alamomi biyar da in mai ciki ta gani ba za a jira safiya ba, ya karanta wa na kusa da shi. A lissafi: in za a haɗa Tom Brown da gwangwani 12 na gero, gwangwani nawa na waken suya da na gyaɗa za a sa? Ku tambayi kuɗin kowanne a kasuwarku ku fitar da jimla.

Na gida kuwa, kowa ya samu takarda ya rubuta sunan asibitin da ya fi kusa wanda ke karɓar haihuwa da dare, lambar direba biyu, da sunan mutum biyu masu ba da jini, ya liƙa a bangon ɗaki inda kowa zai gani. Magidanta, ku faɗi izininku a gaban iyalinku kafin zama na gaba. Wanda babu mai ciki a gidansa ya kai takardar gidan maƙwabcin da ke da ita.